Wasiƙa Zuwa Ga Aminina a Bangalore

Assalamu alaikum Bashir,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya. Inna kullum sai ta tambaye ni kai.

Saƙonka ya iso, sau uku na karanta shi. Ka ce mai maganin homiyofati (hanyar nan ta magani da ake yi wa sinadari sirki sau da yawa) ya zauna da kai kusan awa guda, daga ƙarshe ya ce kai "mutumin Arsenicum album" ne: mai yawan fargaba, mai son komai a tsare, mai farkawa bayan tsakar dare gaba na faɗuwa, ga jin sanyi, ga shan ruwa kurɓi-kurɓi. Wallahi kamar ya san ka tun kana yaro. Nan take na tuna ɗakinmu na Samaru, yadda kake komawa ka jijjiga kwaɗo sau huɗu bayan ka kulle, da ranar da ka yi ta sake alwala har buta ta ƙare, aka sallame salla kana bakin famfo idonka ya yi ja.

Na yi murna da ka sami wanda ya saurare ka. Maganin ne hankalina bai kwanta da shi ba. Wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, shi ya kafa wannan hanya a 1796. Shi Arsenicum album ɗin, wato maganin da ya ba ka, daga gubar arsenik ake haɗa shi, amma wannan 30C da ke jikin kwalbarka na nufin an sirka kashi ɗaya cikin ɗari, an maimaita har sau 30. Daga wajen karo na 12 da wuya ko ƙwayar zarra ta gubar ta rage, sukari kawai kake tsotsa. A 2015 hukumar binciken lafiya ta Ostareliya ta bi diddigin lamarin, ba ta sami cuta ko ɗaya da aka tabbatar homiyofati na warkarwa ba.

Bashir, abin nan ba halinka ba ne kawai. Waswasi ne mai tsanani, likitoci na kiran sa OCD, kuma ana maganinsa. A hankali ake horar da mutum ya kulle ƙofa ya tafi bai waiwaya ba har fargabar ta lafa da kanta, wani lokaci a haɗa da ƙwayoyi masu ɗaukar makonni kafin su fara aiki. Asibitin NIMHANS, mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, na nan cikin garinku, suna da sashe na musamman don wannan ciwon.

Don Allah ka je cikin makon nan. Zan kira ka ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in ji yadda kuka yi. Ban faɗa wa kowa a gida ba.

Naka har kullum,
Sani