Wasiƙa zuwa ga Abba, kan darasin noman da yake son ajiyewa

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Mahaifiyarka da ƙannenka duk suna gaishe ka. Kawunka da ya je muku ziyara ya kawo mini saƙonka, na kuma ji abin da ka ce: tunda kun shiga aji ɗaya na babbar sakandare ana zaɓen darussa, kana son ka ajiye darasin aikin gona, wato Agirik kamar yadda kuke kiransa. Ka ce ba abin da ake yi a ciki sai nome gonar makaranta da tsakar rana, kuma duk wanda ya makara ko ya yi laifi can ake tura shi da fartanya. Sannan ka ƙara da cewa ai kai ɗan manomi ne, me za a koya maka.

Maganarka ta farko ban musa ba. Malamin da ya mai da fartanya bulala ya cuci darasin, ya kuma cuci yaran. Ni ma haka aka yi mana. A 1976, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta fito da shirin nan na ciyar da ƙasa, ina firamare, kowane aji aka ba shi kunyoyinsa. Mun yi shuka, mun ɗebo ruwa a ka, mun yi noma, ba wanda ya taɓa tsayar da mu ya ce ga dalilin kaza. Da kaka ta yi, amfanin ma ba mu ga inda ya shiga ba. Na bar makaranta da irin wannan rainin da kake da shi yanzu, kuma na daɗe ina biyan kuɗinsa. Maganarka ta biyu ce ta sa na ɗauki biro.

Na fi shekara talatin ina noma, rani da damina. Ba na jin akwai mai nuna mini yadda ake huɗa ko yadda ake dashen tumatir a Kadawa. Amma wataƙila ka tuna 2016, ko da yake kana ƙarami, shekarar da tsutsar nan da muka laƙaba wa sharon ta cinye tumatirin Kano da Kaduna. Na wayi gari ganye ya yi fari-fari kamar an babbaka shi. Na garzaya kasuwa, mai shago ya miƙo mini kwalba, na fesa, ba ta mutu ba. Na ninka ma'auni, na haɗa kwalba biyu a tanki ɗaya, ina feshi sau uku a mako. Kuɗin da na ajiye don gyaran ɗakin mahaifiyarka kaf suka tafi a magani, tumatirin ma ya bi su. Sai bayan komai ya ƙare wani malamin gona, yaro ne matashi wanda a haife na haife shi, ya tsinko ganye ɗaya ya ɗaga shi a hasken rana ya ce in duba. Ashe tsutsar a cikin ganyen take, tsakanin fatar sama da ta ƙasa, tana haƙa hanya tana ci, maganin da nake fesawa kuwa a waje yake tsayawa. Ya ce asalinta daga Kudancin Amurka ne, tana hayayyafa da sauri, kuma in ka nace mata da magani iri ɗaya sai ta saba da shi. Bayanin nan bai kai minti biyar ba. Yadda ƙwaro ke tashi daga ƙwai ya zama tsutsa, ya kwanta, ya fito da fiffike, da kuma matakin da ya fi sauƙin kashewa, yana cikin littafin da kake son ajiyewa. Ni da asarar gona guda na saye shi.

Ka ɗauki taki ma. Mu nan kamfa muke cewa, da yuriya, da supa, kuma da yawanmu ba mu san ma'anar lambobin da ke jikin buhu ba. In ka ga 15-15-15 a buhun kamfa, ana nufin kashi 15 cikin ɗari na kowane ɗaya daga sinadarai uku da shuka ta fi buƙata. Buhu mai kilo 50 ke nan yana ɗauke da kilo bakwai da rabi na naitirojin, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar. Yuriya kuwa kashi 46 ce, wato kilo 23 a buhu ɗaya, ninki uku ke nan da ɗoriya. Shekara da shekaru ina watsa yuriya a saman ƙasa da rana tsaka, ina ganin na ciyar da masara, ban san wani kaso mai yawa yana zama iska ya tashi ba in ba a binne ta ba. Da tsadar da taki ya yi yanzu, wanda bai san wannan lissafin ba kuɗinsa yake zubarwa da hannunsa yana murna. Haka tazarar shuka. In ka bar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, tsiro ɗaya a kowane rami, za ka sami tushen masara dubu 53 da 'yan kai a hekta ɗaya. Ka ɗauki takarda ka buga da kanka ka gani. Ni da taku nake awo, kuma takuna na safe daban yake da na yamma in na gaji.

Kakanka, wanda ka ci sunansa, Allah ya jiƙansa, manomin gyada ne a zamanin da ake jera dalar gyada a Kano. Farin farkon shekarun 1970 ya karya shi, yana cikin farfaɗowa kuma a 1975 cutar nan mai sa gyada ta tsuke ta dunƙule ta shafe gonaki a Arewa. Ina ɗan shekara goma, na ga dattijo zaune a bakin gona ya rasa ta cewa. Mutane sun yi ta faɗin albarkacin bakinsu, wasu su ce iska ce, wasu su ce baki ne. Ƙananan ƙwari masu tsotson ganye ne suke ɗaukar cutar daga tsiro zuwa tsiro. Waɗanda suka zauna suka yi ta tace iri har aka sami gyada mai jure mata, mutane ne irinka da suka fara daga ajin sakandare. A Samaru ta Zariya akwai cibiyar binciken aikin gona da aka fara tun 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Duk irin da ka ga sunansa ya fara da SAM, ko SAMMAZ na masara, ko SAMNUT na gyada, ko SAMPEA na wake, ko SAMSORG na dawa, daga can ya fito. A Shika suna binciken dabbobi, a Badeggi ta jihar Neja shinkafa, a Maiduguri gero da alkama. In ka ji abokanka suna cewa Agirik darasin 'yan ƙauye ne, ka tambaye su tuwon da aka ba su a ɗakin cin abinci daren jiya, wa ya fitar da irinsa.

To amma kada ka ɗauka cewa nake ka yi karatu ka dawo kana yi wa tsofaffi gyara a bainar jama'a. Na ga masu yin haka, kuma gonakinsu ba su fi na kowa ba. Kakanka bai san kalmar naitirojin ba, amma ba ya taɓa barin a sare gawo a gonarsa. Ka lura da gawo: da damina, lokacin da kowace bishiya ke tofo, shi zubar da ganyensa yake, ya bar wa gero rana ya kuma ba shi taki, da rani ya yi ganye dabbobi su sami inuwa da abin ci. Manoman wajen Maradi da Damagaram sun farfaɗo da ƙasa mai faɗi ta hanyar barin kututturen itatuwa su sake tofowa a gonakinsu, har masana daga ƙasashen waje suke zuwa kallo. Haka gicci, da muke ratsa wake a cikin gero. In ka tuge wake ka duba saiwarsa za ka ga ƙananan ƙulle-ƙulle, a ciki ne wasu ƙwayoyin halitta suke kamo naitirojin daga iska su ajiye. Tsofaffi sun san gonar da aka yi wake tana kyau a shekara mai zuwa, littafinka kuma zai gaya maka dalili. Kai ka yi sa'a kana da duka biyun, yawancin 'yan ajinku da suka tashi a birni ɗaya kawai za su samu. Abin da ka ɗauka hujjar barin darasin, shi ne ya kamata ya sa ka zo na ɗaya a cikinsa.

Mahaifiyarka ta ce lallai in tuna maka da wakenta. Da can kowace shekara sai ƙwaro ya huda shi kafin bazara, ko kuma a barbaɗa masa magani a ci da fargaba. Yanzu tana zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na nan Afirka. Ba magani ko ɗigo. Ana ɗaure kowace leda tam, iska ta ƙare, ƙwaron ya mutu, ita kuma ta jira farashi ya tashi a Dawanau. Ta ce in dai wannan shi ne Agirik, ita da an ba ta kujera a ajinku da ta zauna.

Ba zan yi maka ƙarya in ce noma hanyar kuɗin sauƙi ba ce. Ka ga yadda muke da kaka, kowa ya fito da kaya lokaci guda farashi ya faɗi, ga bashin taki yana jira. Ka san 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya raba da gonakinsu. Na kuma san likita kake son zama, ban hana ka ba, Allah ya cika maka burinka. Ka riƙe Bayoloji da Kemistiri da Fizis da kyau. Agirik ba zai tare maka wannan hanyar ba, ƙara maka wata ƙofa zai yi, domin masu karatun noma a jami'a ma da Kemistiri ake ɗaukarsu. Kuma ko ka zama likitan, gonar nan ta bakin ruwa wata rana hannunku za ta dawo kai da ƙannenka. Na ga 'ya'yan manoma da suka zama manyan ma'aikata, suka dawo noma da kuɗin ritaya, yaran gona suka cinye su tas saboda ba su san buhun taki nawa ya kamata eka ta sha ba.

Ga abin da nake so ka yi. Ka sayi littafin rubutu guda, daban da na aji. Duk ranar da aka fitar da ku gona, ko da horo ne, ka rubuta kwanan wata, abin da aka shuka, ranar da ya tsiro, ranar da aka sa taki da adadinsa, da ƙwaron da ka gani. Rashin wannan rubutun ne ya sa ni har yau ba zan iya ce maka ga ribar da na ci a shinkafar bara ba, sai dai in ce Alhamdulillahi. Ka ɗebi ƙasar gonar makarantarku a kwalba, ka zuba ruwa ka girgiza ka ajiye: yashi zai fara kwanciya, laka ce ta ƙarshe, daga nan za ka gane dalilin da ya sa jigawa ke saurin shanye ruwa fadama kuma ta riƙe. A jarrabawar WAEC da NECO akwai ɓangaren da ake ajiye ƙasa da iri da taki da kayan aiki a gabanku a ce ku faɗi sunansu da amfaninsu. Wanda ya haddace daga allo kawai a nan yake daburcewa, kai kuwa da su ka yi wasa tun kana rarrafe. Malaminku kuma, ko da ka ga shi ma ba ya son darasin, ka bi shi da ladabi ka riƙa tambaya. Wani malamin rashin mai tambaya ne ya kashe masa gwiwa.

In kun sami dogon hutu, na ware maka kunya ashirin a gonar bayan gari, ta wajen gawon. Goma ka yi mini wake yadda ka ga ina yi, goma ka yi yadda littafinku ya ce. Iri da taki ni zan saya, aikin naka ne, ba kuma zan sa maka baki ba ko na ga abin da bai yi mini ba. Kafin ka shuka, ka ƙirga ƙwaya ɗari ka jera a jiƙaƙƙen buhu ka ga nawa za su tsiro cikin mako. Da kaka ƙaninka zai girbe maka in kun koma, mu auna da kwano a gaban mahaifiyarka, abin da ya fito duka naka ne.

Na ba kawunka kuɗin littafin da na sabulu, da ƙuli-ƙuli da garin kwaki daga mahaifiyarka. Kada ka mai da takardar zaɓen darussan sai mun yi magana ranar Juma'a ta wayar malamin ɗakinku. Ka kula da salla a kan lokaci. Ka gai da malamin Agirik ɗin naku, ka ce masa in yana son ya kawo ku Kadawa ku ga noman rani, gonata a buɗe take.

Allah ya yi maka albarka. Wassalam.

Mahaifinka