John Laird, maƙerin jiragen da suka hau Kwara da Binuwai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in ja hankalin malaman tarihi zuwa ga wani mutum da ba kasafai ake ambatonsa ba idan ana maganar shigowar Turawan Ingila ƙasarmu ta kogi. Ɗalibanmu sun san Baikie, Baturen da ya zauna a Lakwaja, da Gwamna Lugga, amma kaɗan ne suka taɓa jin sunan John Laird, wanda a ma'aikatarsa aka ƙera jiragen da suka buɗe wa Turawa hanyar Kwara da Binuwai.

An haife shi a Greenock ta ƙasar Sikotland a 1805. Mahaifinsa William ya kafa ma'aikatar ƙarfe a Birkenhead, daura da Libaful, a 1824, shi kuma John ya shiga harkar a 1828. A wancan lokacin, da katako ake yin jiragen ruwa, amma ya dage a kan ƙarfe, domin jirgin ƙarfe mai injin tururi yana iya bin kogi marar zurfi, ya kuma haura ruwa ba tare da jiran iska ba. Shi ya ƙera Pleiad, jirgin da ƙanensa Macgregor ya aiko a 1854, wanda ya ɗauko Baikie da malamin mishan Samuel Ajayi Crowther ya hau Binuwai, kuma saboda maganin kwinin da suke sha babu wanda zazzaɓi ya kashe a tafiyar. Jirgin Dayspring, da ya fashe a kan dutse kusa da Jebba a 1857, shi ma aikinsa ne.

A 1861 ya bar wa 'ya'yansa ma'aikatar, aka zaɓe shi ɗan majalisa na farko mai wakiltar Birkenhead a jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, ya riƙe kujerar har rasuwarsa a 1874. Ya gina wa garin asibiti da makarantar koyon zane, shi ya sa har yau mutum-mutuminsa yana tsaye a can.

Abin da ya fi damuna a tarihinsa shi ne jirgin Alabama. A 1862 ma'aikatar gidansu ta ƙera shi domin 'yan tawayen kudancin Amurka, waɗanda suke yaƙi don ci gaba da bautar da baƙar fata, kuma jirgin ya kama ko ya ƙone jiragen kasuwanci na arewacin Amurka fiye da 60. A 1863 Laird ya tashi a majalisa ya kare wannan aiki ba tare da wata nadama ba, alhali ƙanensa ya yi shekaru yana cewa ciniki a Kwara ne zai kashe fataucin bayi. Daga baya, a 1872, masu sasantawa a Janiba suka yanke hukuncin Birtaniya ta biya Amurka diyyar dala miliyan 15.5 kan ɓarnar da Alabama da ire-irensa suka yi.

Ina kira ga masu tsara manhajar tarihi a makarantunmu na sakandare da su sa labarin Pleiad da na Alabama a darasi ɗaya, tare da sunan mutumin da ya haɗa su.

Wassalam.
Wani malamin makaranta, Lakwaja.