Amsa ga uban da ya tambaye ni a rediyo

Assalamu alaikum Alhaji,

A shirin rediyo na ranar Lahadi ka bugo waya ka ce, "Malam, karatu muka turo 'ya'yanmu ko zanga-zanga?" Lokaci ya ƙure kafin in ba ka amsa, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Tambayarka ta uba ce, kuma ni ma uba ne.

Ga abin da ya faru. Tun farkon damina iska ta yaye kwanon ajinmu. Da hadari ya haɗo sai yara su tura littattafansu cikin riga, su takure a kusurwa guda, darasi ya tsaya. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wa ke da alhakin gyarawa?" Ranar na rufe littafin da ke hannuna muka karanta dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole. Na bayyana musu cewa ana ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma jiha ba ta karɓar rabonta sai ta ajiye nata kason. Su da kansu suka ƙirga bencina, suka rubuta takardar koke. Uku daga cikinsu, da izinin iyayensu, suka raka ni muka miƙa ta bayan an tashi daga makaranta. Ba wanda ya ɗaga kwali, ba wanda ya tare hanya.

Alhaji, a garin nan malami ya buɗe baki ba baƙon abu ba ne. A nan Bauchi Malam Aminu Kano ya koyar a makarantar Midil, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi hedimasta. Su da Malam Sa'adu Zungur suka zauna a Majalisar Taɗi ta Bauchi tun 1943 suna tattauna halin da talaka ke ciki, ga Turawa a ƙasa. A 1948 Malam Aminu ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa.

Inda nake tare da kai ɗari bisa ɗari shi ne batun 'yan siyasa. Wallahi ba zan taɓa kai ɗan wani taron jam'iyya ba, ko a sa masa hular ɗan takara. Duk malamin da ka gani yana haka, ka kai ƙararsa, zan tsaya maka shaida.

Kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, yana da kujerun iyaye, har da na ɗalibai. Na ɗalibai ba sa zama babu kowa, na iyaye ne muke ta cigiyar masu su. Za mu zauna ranar Asabar da ƙarfe goma, a ajin da ba shi da rufin. Don Allah ka zo, ka taho da maƙwabtanka.

Naka,
Malamin ƙaramar sakandare, Bauchi