Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sakatariyar Al'adu Ta Birtaniya Kan Gyaran Tsofaffin Majami'u

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne kan harajin VAT da ke hawa kan gyaran tsofaffin majami'un ƙauye a Ingila. Za mu kafa hujja da gini ɗaya, majami'ar Holy Trinity da ke Blythburgh a gundumar Suffolk, wadda ke tsaye bisa tudu a gefen kogin Blyth.

Yawancin ginin na ƙarni na 15 ne, hasumiyar kuwa ta girme shi. An yi bangon da dutsen ƙanƙara, aka fasa duwatsun aka jera baƙar fuskarsu tsakanin sassaƙaƙƙen farin dutse don ado. Wanda ya shiga ya ɗaga kai zai ga silin katako mai fentin asali da ya koɗe, da mala'iku na katako bibbiyu, baya da baya, fikafikai a buɗe. A jikinsu an taɓa samun harsashin bindigar farauta. Jama'a na ɗora laifin kan William Dowsing, wanda ya zo fasa siffofi a 1644, amma masana sun fi karkata ga cewa tsuntsayen da suka addabi ginin aka riƙa harbi daga baya. A bakin bencina an sassaƙa manyan zunubai: mai tsegumi ya zaro harshe, marowaci ya zauna kan akwatin kuɗinsa, malalaci yana kan gado. Akwai akwatin sadaka na 1473, da mutum-mutumin buga ƙararrawa na 1682. Tsawar Agustan 1577 ta kayar da tsinin hasumiyar, kuma a farkon shekarun 1880 sai da aka rufe majami'ar don ta zama haɗari ga masu ibada.

Abin da ke kashe irin wannan gini a yau ruwa ne. Ganye da sheƙar tsuntsu su toshe magudanar da ke bayan katangar rufi, ruwa ya taru ya tsallake haɗin dalma, ya sauka kan katakon da ke kwance bisa bango, wanda kawunan azara ke zaune a kai. Da zarar danshin katako ya haura kashi 20 cikin ɗari, ruɓa ta samu wuri, ƙwaron da ke cin tsohon itacen oak ya biyo baya. Tsutsarsa takan shekara da shekaru tana ci daga ciki, fuskar katakon na nan lafiya lau. Duk wanda ya zauna a gidan ƙasa ya san abin da toshewar indararo ɗaya ke yi wa soro cikin damina guda.

Ita kanta dalmar rufi tana buɗewa da zafi, tana tsukewa da sanyi. In aka shimfiɗa falle ya yi tsawon da ya fi ƙarfin kaurinsa, ko aka kafe shi da ƙusa ta ko'ina, sai ya tattare ya tsage. Ga kuma ɓarayi da ke yaye ta cikin dare.

Ɓarnar da ta fi ba mu takaici ita ce ta gyaran arha. An ɗaure waɗannan duwatsu ne da farar ƙasa da yashi, kusan awo ɗaya zuwa uku, kwaɓin da ke barin danshi ya fita. A ƙarnin da ya wuce an cike haɗe-haɗe da yawa da siminti. Siminti ya fi dutsen ado tauri kuma ba ya numfashi, don haka ruwa ya maƙale a baya, sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskar dutse ta ɓare. Gyaran yanzu shi ne a ƙwaƙule simintin da hannu, a mayar da farar ƙasa, a rufe da buhu mai danshi har ta kama. Ba a yin sa lokacin daskarewa, kuma in akwai jemagu a rufin, doka ta kare su, dole a jira lokacin da aka yarda. Shi ya sa aikin ke ja, kuɗin tsanin ƙarfe na ta hauhawa.

Wa ke biya? Cocin Ingila na da majami'u kusan 16,000, fiye da 12,000 na cikin rajistar gine-ginen tarihi, amma nauyin kowace na wuyan majalisar ikilisiyarta, sau da yawa 'yan tsirarun dattawa masu aikin sa kai. Dokar 1955 ta wajabta a kawo masani ya duba gini duk shekara biyar, sai dai ba ta ba su ko sisi na aiwatar da rahotonsa ba.

Daga 2001 gwamnati ta riƙa mayar musu da VAT ɗin gyara. A Janairun 2025 ma'aikatarki ta sa iyakar fam 25,000 a shekara ga kowane gini. Da harajin kashi 20, wannan ya tsaya ne a aikin fam 125,000. A ƙarƙashin waccan iyakar, ikilisiyar da rufinta zai ci fam 500,000 za ta biya harajin 100,000, a mayar mata da rubu'i. In ta rarraba aikin shekara-shekara don ta tsira, za ta biya kafa tsani sau da yawa, ruwa kuma na zuba a ɓangaren da ke jira. Sabon gida kuwa ba a karɓar wannan haraji a gininsa.

Roƙonmu shi ne a mayar da cikakken VAT ɗin gyara ba tare da iyaka ba, ko da wane suna za a kira tsarin, kuma a tabbatar da shi na shekaru, domin tara kuɗin rufi kaɗai kan ɗauki ikilisiya shekaru kafin a buga ƙusa. Muna kuma roƙon a ware ƙaramin tallafi na share magudanai sau biyu a shekara, bayan zubar ganye da kuma farkon bazara, tare da maye gurbin duk fallen da ya zame.

Allah ya ja zamaninki.

Daga wasu masu kishin adana tsofaffin gine-gine.