A Kai Maganar Inshorar Gidaje Gaban Majalisa

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi kira ga wakilanmu na majalisar tuntuɓa da ke zama a Yamai, a kan maganar inshorar gidaje. Maganar ranakun hutu tana da muhimmanci, musamman ga mai neman na abinci kullum, tun da an ƙara 26 ga Yuli a kan su 3 ga Agusta da 18 ga Disamba. Haka ma ɗaukar sojoji, wanda ya kamata a yi shi a fili, kowace jiha ta samu rabonta.

Amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gidajen talakawa. A daminar 2020, da kogin Kwara ya yi ambaliya, gidajen laka sun zube a unguwannin Lamorde da Kirkisoye da Saga na Yamai, kuma da yawa daga masu su ba su da abin dogaro sai taimakon dangi. Doka ta tilasta wa mai mota yin inshora, to me ya hana a tsara wata mai sauƙin kuɗi domin gidaje, bisa tsarin takaful, wato inshorar Musulunci, yadda masu gudun riba za su shiga da kwanciyar hankali? Ina fatan wani wakili zai tashi da wannan magana kafin damina ta kama.

Naku,
Mai karatu daga Harobanda, Yamai