Sanarwa ga masu neman jami'o'in Amurka da wuri

Assalamu alaikum ƴan'uwa, iyaye da ɗalibai. Tambaya ta yi yawa a kan neman gurbi da wuri, to ga bayani kafin 1 ga Nuwamba, ranar da akasarin jami'o'in ke rufe karɓar takardun masu nema da wuri.

Harvard da Yale da Princeton da Stanford suna da tsarin nema da wuri mai ƙaidi, wanda a fom za ku ga an rubuta REA ko SCEA. Sakamako na fitowa tsakiyar Disamba, kuma ko an ɗauki yaro ba dole ne ya je ba, yana da har 1 ga Mayu ya yanke shawara. Ƙaidin shi ne, ba zai nemi wata jami'a mai zaman kanta a Amurka da wuri ba. Wanda ya cike Harvard, sai ya haƙura da MIT, wadda ita ma mai zaman kanta ce, har zagayen nema na gama-gari a Janairu. Jami'o'in gwamnati irin Michigan, da na Ingila ko Kanada, ba laifi, muddin neman bai ɗaure shi ba.

Kada a rikita shi da ED (Early Decision) na Columbia ko Brown ko Cornell, wato nema da wuri da ke ɗaure ɗalibi ya je in an ɗauke shi. Wannan alkawari ne, ɗalibi da uba ko uwa da malamin makaranta duk sai sun sa hannu, in an ɗauka sai a janye sauran takardu. A ganina, iyalin da ke son kwatanta tallafin kuɗi su yi hattara da shi.

Georgetown kuwa, wanda ya neme ta da wuri, ED na wata jami'a kawai ta hana shi.

Kowa ya karanta sharuɗɗan jami'arsa na bana kafin ya tura.