Malam Edita, in za a yi maganar siyasar Isra'ila dan Allah a riƙa zuwa da bincike

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya da duk ma'aikatan gidanku.

Na saurari shirinku na daren Lahadi a teburin mai shayin unguwarmu, wanda kuka gayyato baƙi biyu kan siyasar Isra'ila, kuma gaskiya bai min daɗi ba shi yasa na ɗauko waya nake rubuto maka. Ɗaya ya dage wai Isra'ila ce kaɗai dimokuraɗiyya a Gabas ta Tsakiya, ɗayan kuma yace ai Yahudawa duk bakinsu ɗaya zaɓen ma wasan kwaikwayo ne, haka aka yi ta ja-in-ja har lokaci ya ƙare babu wanda ya ambaci ko bincike ɗaya. Ni darasin Gwamnati nake koyarwa a sakandare, washegari ɗalibaina suka tare ni da maganar tun kafin in ajiye jaka, kowa ya ɗauki ɓangare kamar ana musun ƙwallo.

Alhali binciken nan akwai shi, kuma 'yan Isra'ilan su kansu ne suke yi. Akwai cibiyar Israel Democracy Institute a Birnin Ƙudus, tun 1991 aka kafa ta, kuma daga 2003 duk shekara tana fitar da rahoto kan yadda jama'a ke kallon hukumomin ƙasar. Abin da yake ta maimaituwa shi ne Yahudawan ƙasar sun fi yarda da soji nesa ba kusa ba, jam'iyyun siyasa da majalisar Knesset kuwa suna can ƙasa, Larabawa 'yan ƙasar kuma, waɗanda sun kai kusan kashi ɗaya cikin biyar, amsarsu daban take fitowa. To ina bakin ɗaya a nan?

Mai cewa kansu haɗe yake, ya tuna zaɓe biyar suka yi daga Afrilun 2019 zuwa Nuwamban 2022 saboda an kasa haɗa gwamnati mai ɗorewa. Kujeru 120 ne a majalisar, jam'iyya ake zaɓa ba mutum ba, duk wadda ta haura kashi 3.25 cikin ɗari na ƙuri'u ta shiga, shi yasa ƙaramar jam'iyya mai kujera huɗu za ta iya riƙe wuyan firaminista. A 2021 ma sai da jam'iyyar Larabawa ta Mansour Abbas ta shiga ƙawance kafin aka iya sauke Netanyahu. Sai kuma rikicin 2023, wanda ni a ganina shi ne ya fi tona asirin gidan. Ƙasar ba ta da rubutaccen kundin tsarin mulki guda, wasu manyan dokoki ne ake lallaɓawa da su, majalisa kuma ɗaya ce babu ta dattawa, kaga kenan kotun ƙoli ce kaɗai birkin da gwamnati take da shi. Da ministan shari'a Yariv Levin ya fito da shirin rage wa kotun ƙarfi a watan Janairu, duk daren Asabar mutane suka riƙa cika titunan Tel Aviv wata da watanni, a watan Maris da Netanyahu, wanda ya dawo kan mulki bayan zaɓen 2022, ya sanar da korar ministan tsaro Gallant kan ya nemi a dakata, ƙungiyar ƙwadago ta tafi yajin aiki har jirage suka daina tashi. A Yuli majalisa ta zartar da kashin farko na shirin da ƙuri'a 64 'yan adawa sun fice, ranar 1 ga Janairun 2024 kotun ta soke dokar, alƙalai 8 da 7. Ga kuma rigimar masu tsananin riƙon addininsu da ba sa shiga soja, wadda kotu ta yanke a Yunin 2024 cewa dole a fara ɗibarsu.

Shi kuma mai yabon dimokuraɗiyyar, wlh na so a ce mai gabatarwa ya tambaye shi abu ɗaya. Yammacin Kogin Jordan tun 1967 yana ƙarƙashin mamayar soji, Bayahuden da ke zaune a matsugunin 'yan kama-wuri-zauna yana kaɗa ƙuri'a a zaɓen Knesset, Bafalasɗinen ƙauyen da ke kallonsa ba ya yi, in an kama shi ma kotun soji ake kai shi. Ƙungiyar B'Tselem ta kare haƙƙin ɗan Adam, wadda 'yan Isra'ila ne suka kafa ta, a Janairun 2021 ta kira tsarin da wariyar launin fata. Dokar 2018 kuma ta ce 'yancin cin gashin kai a ƙasar na Yahudawa ne kaɗai, ta sauke Larabci daga harshen hukuma. Ko cibiyar V-Dem ta Sweden, mai auna dimokuraɗiyyar ƙasashe, a rahotonta na 2024 ta rage musu matsayi, ta ce zaɓe dai ana yi amma sun fita daga sahun farko.

Ni ban ɓoye ba, zuciyata tana tare da mutanen Gaza, amma in ɗalibina zai yi musu da wani na fi so ya san me ake ciki a gidan can, ba kawai ya ɗaga murya ba.

Roƙona shi ne in za ku sake shirin ku nemo malamin kimiyyar siyasa da ya karanta rahotannin nan, muna da su a jami'o'inmu. Sannan a ƙara lokacin kiran waya, sau shida na kira ranar layin a cike.

Naku mai sauraro kullum,
wani malamin makaranta daga Zariya